Kai da marubuci: yadda ake cin moriyar littattafan bincike, laifi da adabi na zamani

Akwai masu karanta littafin binciken kisan kai tamkar ana korarsu. Su buɗe shi da dare, su yi ta haɗiye shafuka don kawai su ga wanda ya yi aika-aikar, kafin asuba sun kai bango, bayan mako guda kuwa ko sunan mamacin sun manta. Na daɗe a wannan sahu. Abin da ya fitar da ni shi ne ranar da na sake buɗe wani littafi da na riga na gama, na tarar marubuciyar ta nuna mini mai laifin tun a babi na uku, ɓaro-ɓaro, a tsakiyar wata hira da na tsallake don ina ganin surutu ne. Ba ɓoye mini ta yi ba. Ni ne ban duba ba.

Tun daga ranar na ɗauki irin wannan littafi a matsayin wasa na mutum biyu. Marubuci ya ɗana tarkonsa, ya kuma bar maka kafar tsira. In ka zauna kallo kawai, rabin daɗin ka samu.

Fara da gane alkawarin da littafin ya ɗauka

Da yawa daga cikin masu cewa littafi "bai yi ba", cika alkawarin da ba a yi musu ba suke nema. Don haka kafin komai, ka tantance wace tambaya ce littafin ya tsaya a kanta.

Tsohuwar tambaya ita ce: wa ya yi? Asalinta na komawa ga gajeren labarin da Edgar Allan Poe ya buga a 1841, na kisan da aka yi a cikin ɗakin da aka kulle ta ciki. Sherlock Holmes, shahararren jarumin labaran bincike, ya fito a 1887, Agatha Christie ta fitar da littafinta na farko a 1920, kuma tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu wannan salo ya yi tashen da har dokoki aka rubuta masa. A 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika ɗan Ingila, ya jera guda goma. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun da wuri a labarin, ba a warware matsala da aljanu ko sihiri, ba a kawo gubar da duniya ba ta san da ita ba, ba a fito da tagwaye kwatsam a ƙarshe ba tare da an share musu fage ba, duk alamar da mai bincike ya gani, sai an nuna wa mai karatu. Marubutan yau suna karya waɗannan dokoki son ransu, amma ruhinsu na nan: kada a ci ka da abin da ba a nuna maka ba. Japanawa sun riƙe wannan salo gam, suna kiransa honkaku, har taswirar gida da jadawalin lokaci sukan saka maka. A Ingila kuwa Richard Osman ya sake raya mai sauƙin cikinsa a 2020, da labarin wasu tsofaffi huɗu da ke haɗuwa duk ranar Alhamis suna tono tsofaffin shari'o'in kisa. Irin wannan babu zubar da jini a gaban idonka, raha ta fi yawa.

Tambaya ta biyu: yaya za a kama shi? A nan tun farko an nuna maka mai laifin. Littafin Keigo Higashino na 2005, wanda aka fassara da suna The Devotion of Suspect X, haka yake tafiya: ka ga kisan da idonka a babukan farko, sauran littafin kokawar ƙwaƙwalwa ce tsakanin malamin lissafi da ya shirya rufa-rufar da masanin kimiyyar da ke warware ta. Wanda ya buɗe irin wannan yana jiran a bayyana masa mai kisa a shafin ƙarshe, ya yi ɓatan kai tun a ƙofar gida.

Ta uku ita ce wadda ta mamaye littattafan zamani: me ya sa, kuma wace irin al'umma ce ta haifi wannan? Marubutan Suwidin biyu, Maj Sjöwall da Per Wahlöö, sun rubuta littattafai goma daga 1965 zuwa 1975 da nufin su yi amfani da aikin 'yan sanda su tone cututtukan ƙasarsu. Stieg Larsson, wanda ya rasu a 2004 kafin littafinsa na ƙagaggen labari na farko ya fito a 2005, ya bi sawunsu, duniya ta rufa masa baya. A irin waɗannan, gawa ƙofa ce kawai. Abin da ke cikin ɗakin shi ne cin hanci, wariya, zaluncin cikin gida, talauci.

Sai kuma littattafan adabi da suka ari rigar labarin laifi. Su sai mun zo kansu, don karatunsu daban ne.

Ba wuya gane wanne ke hannunka. Shafi ashirin na farko sun isa. In an tara mutane bakwai ko takwas a wuri guda ana gabatar maka da su ɗaya bayan ɗaya, wasan "wa ya yi" ne. In an buɗe da ofishin 'yan sanda, gajiya da rigimar shugabanni, shirya wa doguwar tafiya cikin gari. In kuwa muryar mutum ɗaya ce ke ta yi maka raɗa a kunne tana kare kanta tun ba a tuhume ta ba, to da walakin.

Zaɓen abin karantawa

Sababbin littattafan da ke fitowa duk shekara sun fi ƙarfin mutum ɗaya, dole sai da matata. Wadda ta fi yi mini aiki ita ce jerin sunayen da suka kai zagayen ƙarshe na kyaututtuka, ba lallai wanda ya lashe ba. Kyautar Edgar, wadda ƙungiyar marubutan labaran bincike ta Amurka ke bayarwa tun 1946, tana da rukuni na musamman don littafin farko na sabon marubuci. Nan ake tsintar sababbin muryoyi. Takwararta ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1953, tana ba da kyaututtukan Dagger, ciki har da na littafin da aka fassara daga wani harshe. A fagen adabi akwai Booker da ta fara a 1969: dogon jerinta littafi goma sha biyu ko sha uku ne, gajeren kuma shida. Ni dogon jerin na fi dubawa. Alƙalai mutane ne, sau da yawa wanda ya ci shi ne wanda duka suka iya haƙura da shi, ba wanda ɗayansu ya mace a kansa ba.

Kada ka karanta bayanin bangon baya har ƙarshe. Layi biyu na farko sun isa. Masu tallar littafi ba su da kunyar fasa ƙwai, sukan zayyana maka abin da sai a shafi na ɗari zai faru. Ko cewar da suke yi "ƙarshensa zai girgiza ka" ɓarna ce, don ta sa ka zauna kana jiran girgiza maimakon ka bi labari. Haka ma sharhin masu karatu a intanet: bari sai ka gama. Gaskiya ne wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a 2011 ya nuna mutane sun ɗan fi jin daɗin gajerun labarai idan an riga an gaya musu ƙarshensu. Ban musa ba. Amma wannan daɗin karatu na biyu ne, kuma yana nan yana jiranka. Na farkon ne ba ya dawowa.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne shafi na farko da wani shafi daga tsakiya inda mutane biyu ke magana. In ka rufe sunayensu da yatsa kuma ka kasa bambance wanda ke magana, marubucin bai san mutanensa ba, kuma wanda bai san mutanensa ba ba zai iya ɓoye mai kisa a cikinsu ba.

Jerin littattafai masu jarumi ɗaya kuwa, duba kafin ka faɗa tsakiya. Na Maigret da Georges Simenon ya rubuta, guda 75, ko ta ina ka shiga daidai ne. Na zamani ba haka suke ba: rayuwar jami'in tana ci gaba daga littafi zuwa littafi, na huɗu yakan tona asirin na biyu a layi ɗaya. Littafin fassara kuma, lura da sunan mai fassarar, don kalmominsa kake karantawa. Ba banza ba kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa, tun daga 2016, take raba kuɗin kyautar biyu daidai tsakanin marubuci da mai fassara.

Shafi hamsin na farko: sassauta, ɗauko takarda

A nan ake cin wasa ko a faɗi, kuma a nan ne mutane suka fi sauri. Yanki takarda ƙarama wadda za ta zame maka alamar shafi. Duk wanda aka gabatar, rubuta sunansa da kalma biyu ko uku: ƙanin mamaci, bashi ya yi masa katutu. Wannan ya fi zama dole a littattafan fassara, inda sunaye kan yi kama da juna, ko a kira mutum ɗaya da suna uku.

A bayan takardar ka ja layin lokaci. Ƙarfe nawa aka ga mamacin da rai na ƙarshe, wa ya gan shi, ƙarfe nawa aka tsinci gawa? Sannan ga abin da ya fi muhimmanci: raba abin da aka nuna maka da abin da aka gaya maka. "Ya fita ƙarfe tara" daga bakin marubuci daban, daga bakin matarsa daban. Na biyun shaida ce kawai, kuma mai shaida yakan yi ƙarya, yakan yi kuskure, yakan kare wani. Ni nakan sa alamar tambaya a gaban duk lokacin da mutum ɗaya tak ya tabbatar.

Kada abin ya zama aikin ofis. Layi goma sha biyar sun wadatar. Mai sauraron littafi ta waya kuma ya san cewa wannan salo ya fi wahala a kunne, tunda komawa baya neman jimla ɗaya aiki ne. Labarin da ke gudu da fargaba ya fi dacewa da sauraro fiye da mai ƙulli.

Inda marubuta ke binne alamu

Marubucin kirki ba ya ɓoye alama a duhu. A fili yake ajiye ta, sannan ya ja idonka wani wuri. Hanyoyin ba su da yawa, in ka san su kan mage ya waye.

Akwai binnewa a tsakiyar jeri. An zazzage aljihun mamaci: makulli, alƙalami, rasit, tabarau, kati. Ido yakan riƙe na farko da na ƙarshe, na tsakiya su wuce. Rasit ɗin nan shi ne labarin. Duk inda ka ga an jero kaya, tsaya ka tambayi kanka wanne ne bai kamata ya kasance a wurin ba.

Akwai alamar da ake saki daf da hayaniya. Wani ya faɗi magana mai nauyi, kafin ka juya ta a ranka an yi ihu a bene, ko waya ta yi ƙara, ko an tsinci gawa ta biyu. Duk lokacin da aka katse hira da tashin hankali, koma ka karanta layi uku da suka gabace shi.

Akwai wadda ake sakawa a bakin wanda ba a ɗauka da muhimmanci ba: yaro, tsohuwa mai yawan surutu, mashayi. An riga an koya maka ka raina su, sai su faɗi gaskiya ka yi dariya ka wuce.

Wadda ta fi duka daɗi ita ce alamar abin da bai faru ba. Shahararren misalinta yana cikin wani labarin Holmes na 1892, inda kare bai yi haushi ba a daren da aka sace doki, abin da ke nuna ya san wanda ya shigo. Ga wani na ƙirƙira don gwaji: an soma ruwan sama ƙarfe takwas, wani ya rantse sai ƙarfe goma ya iso gidan, amma da aka janye motarsa da safe ƙarƙashinta a bushe yake. Marubuci ba zai ce maka "lura" ba. Zai sa mai bincike ya sunkuya ɗaukar wani abu da ya faɗi, ya ambaci ƙurar da ta taɓa masa gwiwa, ya wuce.

Sai masu ɓatar da sawu. Duk wanda biri ya yi kama da mutum a kansa tun a kashi ɗaya cikin uku na littafi, da wuya ya zama shi ne. Amma kada ka sallame shi haka nan: kusan kowa a irin wannan labari yana ɓoye wani abu, aikinka shi ne gano ko abin da yake ɓoyewa kisan ne ko wata kunya ce ta daban, kamar bashi, soyayyar ɓoye ko sata ƙarama. Marubutan zamani kuma sun san ka san dabarar, don haka wani lokaci sukan wanke mutum tas da wuri don ka cire shi daga lissafi, sannan reshe ya juye da mujiya. Tambayoyi uku ba sa tsufa: wa ke da dalili, wa ke da hali, wa ya samu sarari? Wanda ya cika biyu, nemi na ukun.

Tuhumi mai ba ka labarin

Wannan shi ne babban abin da ya bambanta littattafan shekarun nan. Tun bayan Gone Girl na Gillian Flynn a 2012 da The Girl on the Train na Paula Hawkins a 2015, kasuwa ta cika da masu ba da labarin da ba a sakin jiki da su: mai maye, mai mantuwa, mai ƙarya da gangan, mai yaudarar kansa. In labari yana tafiya da "ni", tambayi kanka wa yake gaya wa, yaushe, kuma me zai samu in ka yarda.

Lura da giɓi. "Bayan na gama abin da zan yi, na koma gida." Me ya gama? Lura da kwanan wata a saman kowane babi, da sauyin murya daga wannan zuwa wancan. Wani lokaci babi biyu da kake zaton rana ɗaya suke, shekara goma ce tsakaninsu.

Ra'ayina a nan ba na kowa ba ne: an yi wa wannan dabara yawa. Mai ba da labari ya yi shiru a kan wani abu, ko ya faɗi gaskiya ta hanyar da za ka fahimce ta a karkace, wannan gwaninta ce. Amma ya gaya maka abin da ke cikin zuciyarsa na ƙarya tsawon shafi ɗari uku, sannan a ce "ai wasa nake", wannan ha'inci ne, kuma kana da ikon jin haushi.

Tsaya kafin ƙarshe

Idan saura kamar shafi arba'in, ko ka ga mai bincike ya ce a tara masa kowa, rufe littafin. Tsofaffin littattafan Ellery Queen har shafi guda sukan ware a daidai nan su ƙalubalanci mai karatu cewa duk hujjoji suna hannunsa. Rubuta sunan wanda kake zargi, da dalilinka a jimla ɗaya. Dalilin ne abin. "Jikina ya ba ni" ba ya cikin lissafi. In da hali kwana a kai.

In ka canka daidai, ka ji daɗin nasara. In ka faɗi kuma ka ga an nuna maka komai, wannan ya fi daɗi, don ka gamu da gwani. Wanda ba a yafewa shi ne a kawo baƙon da ba a taɓa ambata ba, ko hujjar da mai bincike ya sa a aljihu bai nuna maka ba.

In littafin adabi ne, sauya tafiya

Duk abin da na faɗa a sama zai iya cutar da kai a nan. Dostoyevsky, marubucin Rasha, ya nuna mai kisa tun a farkon littafinsa na 1866, sauran duka azabar zuciya ce, kuma jikokinsa a wannan fage suna da yawa. My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, wanda ya fito a 2018 ya kuma shiga dogon jerin Booker a 2019, sunansa kaɗai ya gama fasa ƙwan. Tambayarsa ita ce har ina wata yaya za ta kai wajen goge jinin da ƙanwarta ke zubarwa. Olga Tokarczuk ta Folan, mai kyautar Nobel ta 2018, ta rubuta labarin wata dattijuwa a ƙauyen kan iyaka inda mafarauta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Gawawwakin na nan, amma muryar matar da fushinta kan yadda ake kashe dabbobi su ne littafin.

A irin waɗannan, ajiye layin lokaci. Bi abin da ke maimaituwa: wani abu, wani launi, wata kalma da ke dawowa. Karanta sakin layi ɗaya a bayyane ka ji yadda jimlolin ke numfashi. Babi ɗaya ko biyu a zama ya isa. Kuma ka shirya wa ƙarshen da ba a ɗaure ba, domin akwai littattafan da suka ci manyan kyaututtuka alhali sun bar babbar tambayarsu a buɗe. Kafin ka yi fushi, duba ko amsar tana warwatse a ciki an bar maka ka haɗa, ko kuwa rashin amsar shi ne abin da ake son ka ɗanɗana, kamar yadda iyalan da ba a taɓa gano wanda ya kashe nasu ba suke rayuwa da shi.

Wanda ya ƙi shiga fa? Labarin bincike nakan ba shi shafi hamsin, na adabi ɗari, tunda shi yakan yi jinkirin kama wuta. Bayan nan in ban damu da kowa a ciki ba, na ajiye. Haka kuma in zubar da jinin ya wuce abin da zuciyarka ke ɗauka, musamman na wasu marubutan arewacin Turai da ba sa kawar da kai, ajiyewa ba gazawa ba ce.

Wanda ka gama kuma ya burge ka, kada ka mayar da shi kanta a ranar. Koma babi uku na farko ka sake karantawa da sabon ido. Za ka ga inda mai laifin ya yi tuntuɓen harshe, da inda marubucin ya tura ka kallon taga daidai lokacin da abu ke faruwa a bakin ƙofa. Minti ashirin ne, kuma a nan ne za ka koyi dabarun da za ka kama na gaba da su. Takardar nan taka, mai sunaye da zargin da ka rubuta, bar ta a cikin littafin. Sai dai in za ka ba wani aro, ka tuna ka cire ta.